Sabuwar zuwa Ingila, ki bar kwalin garin kek ɗin nan a kanta

Salam 'yan'uwa, musamman ku da kuka sauka kwanan nan har yanzu kuna juya fam zuwa naira a kai kafin ku ɗauki kaya. In kin shiga Tesco ko Asda za ki ga kwalayen garin kek da na fankek haɗaɗɗe, hoton jiki kamar ki lashe, amma fa yawancin abin da ke ciki fulawa ce da sukari da bekin foda, kuma duk da haka sai kin sa ƙwanki da manki. Kwalin Betty Crocker ɗaya ya haura fam 2, alhali fulawa kilo 1.5 a Aldi ko Lidl ba ta ma kai fam 1 ba.

Gara ki haɗa naki garin a gida. Ki nemi robobi masu murfi da ke kamawa gam, don gidajen nan akwai laima, in kin bar fulawa a takardarta cikin kabad ɗin da ke jikin bango sai ki tarar ta dunƙule. Fulawar da suke rubuta wa self-raising ba sai kin saya daban ba, kowane giram 150 na fulawa zalla ki zuba ƙaramin cokali 2 na bekin foda, ki tankaɗe sau biyu don ya gauraya sosai, shi ke nan. Daga ita za ki fitar da na cincin, ki ƙara sukari, Nido, gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri ki rufe, ranar da yara suka dame ki bota da ƙwai kawai za ki murza a ciki. Bota kam kar ki haɗa tun farko, zai yi warin mai.

Na fanke fulawa zalla ce da sukari da gishiri. Yis ɗin nasu yana zuwa a 'yar leda mai giram 7, ni dai ba na juye shi a garin, ina ajiye ledar a cikin robar sai ranar kwaɓi, kuma da sanyin nan sai kin kai kwanon kusa da hita in ba haka ba ki wuni kina leƙawa bai tashi ba.

Sannan ki leƙa shagon 'yan Pakistan na unguwarku, buhun atta da suke capati da shi ai garin alkama ne, yana yin alkubus da funkaso lafiya lau, buhun kilo 10 ku raba da maƙwabciya in ɗakin ya yi miki kaɗan.

Kar dai ki haɗa na shekara don zumuɗi, bekin foda ƙarfinsa raguwa yake, na wata biyu ya isa, ki manna takarda ki rubuta ranar. In kina shakkar tsohon gwangwanin bekin foda ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa ba ki zubar. Oben ɗinki kuma in mai fanka ce, inda aka ce 180 ki sa 160.