Kurakuran da aka fi yi wajen ɓare ɓawon gungume da zarto mai inji

Kan sassaƙa da ake ɗaura wa zarto mai inji wata 'yar ganga ce ta ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe, wadda sarƙar zarton ko bel ke juyawa domin ɓare ɓawo da daidaita jikin gungume. Akasarin ƙorafin da ake yi a kanta, wato karkarwa da zubewar sarƙa da rashin ci, daga wajen ɗauri yake farawa.

Kuskure na farko shi ne rashin duba tazarar haƙoran sarƙa. Sarƙoƙin da aka fi amfani da su masu tazarar inci 3/8 ne ko 0.325, kuma dole garen da ke jikin gangar, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa, ya dace da sarƙar, in ba haka ba sai ta riƙa tsalle tana cinye haƙoran garen har ta fice. A irin da ake ɗaurawa a bakin dogon ƙarfen zarto, sai an huda ramuka biyu a ƙarfen, kuma idan ramukan suka karkace ko da kaɗan ne, gangar ba za ta tsaya a layi ɗaya da sarƙa ba. A auna da kyau kafin a huda, sannan a tuna cewa galibi sai an ƙara wa sarƙar tsawo.

A ganina, wuƙaƙen ne suka fi cancantar a ɓata lokaci a kansu. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna aiki ne da wuƙar injin goge katako mai tsawon milimita 82, kuma wajibi ne kowace wuƙa ta leƙo daidai da 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta fi fitowa, ita kaɗai za ta riƙa ci, hannu ya yi ta rawa, boris ya mutu da wuri, jikin itacen kuma ya fito da tudu da kwari. Maganinsa shi ne a kashe injin, a daidaita wuƙaƙen, a ɗaure notuna tamau, a kuma sake duba su bayan 'yan mintocin farko na aiki, domin girgiza tana kwance su. Gungumen da aka ja a ƙasa yakan kwashi yashi da tsakuwa a cikin ɓawonsa, kuma su ne ke dakushe wuƙa nan take, saboda haka a goge shi da burushin ƙarfe tukuna.

Wasu kuma sukan danna gangar da ƙarfi alhali injin bai ɗauki wuta ba, sai ta cije ta yi tsalle. A bari ta kai cikakken gudu kafin ta taɓa itace, a riƙa shafawa sama-sama, a sassauta hannu idan an zo kan gaɓar reshe. Ɗanyen itace ya fi busasshe saurin sakin ɓawo.

Kada a manta, a irin da sarƙa ke juyawa, sarƙar tana nan da kaifinta tana zagayawa, kuma ɓarɓashi yana fita da ƙarfin gaske, don haka a tokare gungumen kada ya mirgina, a sa kariyar fuska da ta kunne da wandon kariya, a kuma nisantar da mutane. Idan injin ya fara rasa ƙarfi ko yana zafi fiye da kima, a fara da duba matatar iska, domin ƙurar ɓawo tana toshe ta da wuri, sannan a tabbatar man sarƙa yana sauka.