Yadda za ka ɗauko tarihin zamanin Nasara daga bakin tsofaffin Tawa

Ni malamin lakwal ne a nan Tawa, kuma abin da ke tayar mini da hankali shi ne, wanda ya yi wayo lokacin zaɓen 1958 yau ya haura shekara saba'in. In kana da irin wannan tsoho a gida ko a unguwa, kada ka jira.

Kafin ka je, ka riƙe ƴan shekarun nan a ka. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla, ta kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya kewaye Agadas a 1916. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallakar Faransa, a 1946 aka soke aikin dole, ranar 3 ga Agusta 1960 aka samu ƴanci, Diori Hamani na shugaba. Waɗannan naka ne, ba na tsoho ba.

Ka je da hantsi ko bayan la'asar, da goronka. Ka durƙusa ka gaida shi sosai, ka ce: "Baba, ilimi na zo nema." Sai ya yarda sannan ka kunna rikodar wayarka.

Kada ka tambaye shi shekara da lamba. Tsofaffinmu da yunwa, da fara, da sarautar wane suke lissafi. In ya ce mahaifinsa ya ga yunwar Kakalaba, kai ka san wajen 1913 zuwa 1914 ke nan. Ka tambaye shi abin da jiki ya ji: nawa ne lanho, wato haraji, wa ke karɓa, wa gardin kumandan suka kama zuwa aikin hanya, su wa suka tsere ƙasar Ingilishi. Nan ne baki ke buɗewa.

Wurin da ke son haƙuri shi ne zaɓen 28 ga Satumba 1958, na raba gardama: i ko a'a ga ci gaba da zama tare da Faransa. Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba, masu raƙumi, suka ce a'a, a ba mu ƴanci yanzu. Jam'iyyar RDA ta su Diori da Boubou Hama, masu giwa, ta ce i, gwamnan Faransa da sarakuna da yawa na bayanta. I ta ci, a 1959 aka haramta Sawaba, aka ɗaure mutane, wasu suka yi gudun hijira. Akwai gidajen da har yau ciwon bai warke ba. In tsoho ya yi shiru a nan, kada ka matsa, ka dawo wata rana. Kuma kada ka gyara masa zance ko da ya saɓa wa littafi.

Kar ka manta da tsofaffi mata. Su suka riƙe waƙoƙin siyasa, kuma Iya za ta faɗi abin da Baba ya ɓoye.

A daren ka rubuta sunan mai bayani, garinsu da ranar hirar. Ka tura wa wani ɗan'uwa kwafin muryar, don waya na ɓata.