Yadda na gyara alam ɗin shagona da ke kuka cikin dare

Sati biyu alam ɗin shagona a Agege yana ihu cikin dare, saƙo na shigo min waya, in taso daga gida ba ɓarawo ba komai. Na zaci ɓera ne na sa tarko, na goge sensa (abin da ke gano motsi), duk a banza.

Ashe sai an ɗauke wuta yake yi. Na buɗe akwatin na ciro batirin da ke riƙe alam ɗin in babu wuta, mai 12V 7Ah ne, na auna da mita ya nuna 10V da ɗan kai maimakon 12V, har ya kumbura. Na sayo irinsa, na kashe soket, na haɗa wayoyin ja kan ja baƙi kan baƙi, na barshi ya yi caji kwana ɗaya sannan na zare wuta da kaina na gwada, shiru. Alhamdulillah, maigadin layinmu ma ya huta.