Ɗan farantin gindin kamara: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓensa

Mutum zai shafe watanni yana bincike kafin ya sayi kamara. Haka zai yi a kan lensi, haka a kan ƙafar kamara, wato sandunan nan uku da ake ɗora kamara a kansu, da kai mai ƙwallo da ake ɗaura mata don juya kamara. Amma ɗan farantin ƙarfen da ake ɗaurewa a gindin kamara, wanda ke shiga bakin mariƙin da ke saman ƙwallon, sai ya ɗauki duk wanda hannunsa ya fara kaiwa. Alhali duk nauyin kamara da lensi a kan wannan ɗan ƙarfe da sukuru guda ɗaya yake rataye. Na gaji da ganin sababbin masu ɗaukar hoto suna maimaita kurakurai iri ɗaya a nan, kuma biyu daga ciki su ne suka fi yi wa kamara illa.

Na farko shi ne yarda da rubutun kwali. An rubuta Arca a jikin faranti, an rubuta Arca a jikin mariƙi, shi ke nan mutum ya saki jiki. To, ka sani, Arca-Swiss sunan kamfani ne, tsarinsa ne ya karɓu har sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwayo, kowa da nasa awon. Abin da suka haɗu a kai shi ne faɗin faranti wajen milimita 38, da gefe biyu da aka gusure a karkace, kusurwa 45, domin leɓɓan mariƙi su kama su. Daga nan kowa ya kama gabansa: na wannan ya fi faɗi da rabin milimita, na wancan gusurin bai yi zurfi ba. A ido duk ɗaya ne, amma mariƙi ya san bambancin.

Inda abin ya fi muni shi ne mariƙi mai liba, wato ɗan hannun da ake turawa ya kulle faranti. Mai murɗawa, wato mai ɗan kai da ake juyawa da yatsu, yana ci gaba da matsewa har sai ya kama, ko farantin ya ɗan fi siriri. Liba kuwa tafiyarta ƙayyadadda ce. Idan farantin ya gaza faɗin da aka saita ta a kai, za ta rufe lafiya lau, har ka ji ɗan ƙaran nan mai kwantar da hankali, alhali farantin na zamewa a ciki. Kana karkata ƙwallon gaba, kamara ta sulale. Idan kuma farantin ya fi faɗi, libar ba za ta kai ƙarshe ba, sai ka ga mutum yana danna ta da tafin hannu da dukkan ƙarfinsa. Haba! Abin da bai rufu da yatsa biyu ba, ba nasa ba ne, ka daina yi masa dole. Wasu libobin suna da ɗan sukurun saiti a ɗaya gefen, sai a saita su a kan faranti ɗaya, to amma daga ranar duk farantanka sai su zama masu faɗi ɗaya. Ni shawarata ba ta canzawa: mai farantai daga kamfanoni daban-daban ya sayi mariƙi mai murɗawa, mai son liba kuma ya sayi farantansa daga kamfanin da ya ƙera libar.

Kowane iri ne, kada kamara ta hau sai an gwada farantin shi kaɗai. Saka shi, ka ɗaure, ka tura shi da babban yatsa ta tsawonsa da ƙarfi. Sannan ka leƙa tsakanin leɓen da ke motsi da jikin mariƙin. Dole ka ga ɗan rata ya rage. In ka ga ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, to mariƙin kansa ya matse, bai matse faranti ba.

Akwai kuma waɗanda ba su ma san tsarin ya wuce ɗaya ba. Farantin kamfanin Manfrotto mai lamba 200PL, na tsarinsa da ake kira RC2, ba ya zama a mariƙin Arca, na Arca ma ba ya kulluwa a nasa. Dogayen farantan kawunan bidiyo, irin 501PL, su ma dabam suke. Ka duba kan da kake da shi tukuna, sannan ka nemi faranti.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin shi ne ke lalata kamara a hankali ba tare da ta faɗi ba. Mutum ya sayi shimfiɗaɗɗen faranti na kowa-da-kowa, mai ɗan shafin roba a sama, ya ɗaure da sukuru ɗaya. A kwance komai daidai. Ranar da ya kwantar da ƙwallon cikin tsagar gefe don ɗaukar hoto a tsaye, nauyin lensi ya fara jan kamara, hancinta na sunkuyawa sannu a hankali. Sai ya ɗauka ƙwallon ne bai kama ba, ya yi ta murɗa makullin ƙwallo. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Kamarar ce ke juyawa a kan farantin, domin sukuru ɗaya a tsakiya ba ya hana juyi, shi ne ma abin da ake juyawa a kansa, robar kuwa da ta ji zafi ko ta tsufa sai ta yi santsi.

Daga nan sai a ɗauko filaya. A kama zoben sukurun a murɗa, a sake murɗawa, har haƙoran ramin kamara su cinye ko gindin ya lotsa. Wannan ɓarna ce, kuma gyaranta sai an kwance gindin kamara gaba ɗaya. Ƙarfi ba ya maganin juyi. Abin da ke maganinsa faranti ne mai ɗan leɓe da ke tokare gefen gindin kamara, ko wanda aka ƙera daidai da samfurin kamararka, wanda gindin ke zama a cikinsa daram. Mai yawan ɗaukar hoto a tsaye kuwa ya nemi faranti mai siffar L: ana zare kamara, a juya ta, a mayar da ita ta ɗaya gefen, nauyinta na nan a saman ƙwallo, ba ta rataye a gefe tana neman kayar da ƙafar ba. Kafin ka samu, ga dabara: in kana bayan kamara, kwantar da ita ta hannun dama, maɓallin ɗauka ya koma ƙasa. A haka nauyin lensi ɗaure sukurun yake yi. Ta hagu kuwa kwance shi yake yi.

Sukurun kansa ma ana yi masa ganganci. Ramin gindin kamara na sukuru mai kaurin kwatan inci ne, mai haƙora 20 a kowane inci. Idan na faranti ya ɓata, sai wani ya lalubo na M6, wato mai kaurin milimita 6, a akwatin kayan aiki, ai sun yi kama. Kwatan inci milimita 6.35 ne, tazarar haƙoransa milimita 1.27, na M6 kuwa tazararsa milimita 1 ce cif. Zai shiga juyi ɗaya ko biyu, ya cije, wanda ya matsa masa ya kashe ramin. Tsawo ma abin lura ne. Littattafan kamarorin Sony, alal misali, suna gargaɗin kada sukuru ya kai milimita 5.5. Wanda ya fi haka yana taɓo ƙarshen rami kafin faranti ya manne da gindi, ka ji ya ɗauru tamau alhali kamara na rawa. Babban sukurun nan na 3/8 na inci kuwa aikinsa haɗa kai mai ƙwallo da ƙafar kamara ne, da ƙafar wasu manyan lensi, ba ya shiga gindin yawancin kamarorin hoto.

Lensi mai zoben ɗauri da ƙafarsa, irin babban lensin da ake kira 70-200 mai f/2.8 da abin da ya fi shi, a ƙafar lensin ake ɗaura faranti. Duk wanda ya bar nauyin da ya wuce kilo guda yana reto daga bakin kamara, bakin yake wahalarwa, hoton ma ba zai rabu da girgiza ba. A nan dogon faranti ake so, milimita 80 zuwa sama da 100, mai sukuru biyu ko mai leɓe a baya, domin a riƙa zame shi gaba da baya har a sami inda nauyin ya daidaita. Alamar an samu ita ce ka ɗan sassauta ƙwallon, lensin bai rinjaya gaba ba, bai rinjaya baya ba.

Ƙananan sukurori biyu da ke ƙarƙashin faranti, ɗaya a kowane ƙarshe, ba ado ba ne. Su ne ke tare faranti idan mariƙi ya sassauta. Mutane na cire su don suna hana zura faranti ta gefe. Ka bar su, ka buɗe mariƙin sosai ka ajiye farantin daga sama. In sun hana shi zama daidai a mariƙin da ba shi da gurbinsu, wannan ne kaɗai dalilin cirewa.

Kafin ka saya, auna daga ramin sukuru zuwa murfin batir, kada ka wayi gari sai ka kwance faranti duk lokacin canza batir. Mai siffar L kuma a duba ko ya toshe ramukan waya ko ya hana allo juyawa. Farantin roba zalla a bar wa ƙaramar kamara marar nauyi, sauran duk alminiyom. Kada a shafa mai ko giris a gefen faranti, buroshi ya isa ya fitar da yashi. Kada kuma a zuba gam a haƙoran sukuru.

Faranti ɗaya da ake yawo da shi daga wannan kamara zuwa waccan, daga nan zuwa lensi, shi ne wanda ake ɗaurewa cikin gaggawa, shi ne kuma ake mantawa a gida. Kowace kamara da kowane babban lensi a ba shi nasa, a ɗaure da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida da ake murɗa sukuru da shi, yawanci mai milimita 4 ko 5/32 na inci. Riƙe alankin ta gajeren hannunsa ka murɗa har ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan, ka bari. Bayan kwana biyu da fara aiki da shi ka sake taɓawa, domin robar da ke tsakani takan lotsa, ɗaurin ya ɗan saki. Alankin kuma ya zauna a jakar kamara.