Kurakuran da ake yi wajen kwatanta roadster da jif ɗin iyali

Idan aka jera Mazda MX-5 da Toyota Highlander, ido kaɗai ya isa ya raba gardamar girma. MX-5, wadda ke cikin ƙananan motocin da ake kira roadster masu kujera biyu da rufin da ake naɗewa, tsawonta kusan mita 3.9 ne. Highlander ƙirar 2020 kuwa ta kai mita 4.95, tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas. Daga nan ne masu saye ke fara tafka kuskure, domin suna ɗauka girman waje shi ne daɗin zama.

A takarda, filin miƙe ƙafa na direban MX-5 ya kai kusan santimita 109, har ya ɗara na Highlander kaɗan. Sai dai zaman ba iri ɗaya ba ne. A roadster kujera tana dab da ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, gwiwa kusan daidai da ƙugu. A jif mutum yana zaune ne a tsaye, ƙafa ta sauka ƙasa. Shi ya sa dogon mutum zai iya samun wurin ƙafa a roadster amma kansa ya riƙa gogar rufi, ga kuma bango a bayan kujera da ke hana kwantar da ita sosai. Maganin wannan shi ne a gwada motar rufinta a rufe. Dillali zai so ya nuna maka ita a buɗe saboda ta fi kyau haka, alhali a ranar Kano ko ƙurar hunturu a rufe za ka fi tuƙa ta. Ka je da kayan da ka saba sawa. Hula mai tsayi tana cin santimita da yawa, babbar riga kuma tana tattaruwa tsakanin cinya da sitiyari.

Gwajin minti biyu a tsaye ma ba ya nuna komai. Ka ja kujera har sai ka iya take birki ƙarshe gwiwarka na ɗan lanƙwashe. Ka jingina kafaɗa, ka miƙa hannu: wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. Tsakanin ƙirji da sitiyari a bar kusan santimita 25 saboda jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. MX-5 kafin 2019 sitiyarinta sama da ƙasa kawai yake motsi, ba a jawo shi kusa, don haka mai dogayen ƙafafu kan rasa daidaito. Bayan an saita, a yi tafiyar aƙalla rabin sa'a, har da hanya mai gargada. Ciwon baya da sagewar cinya ba sa fitowa da wuri.

Kuskuren da ya fi cin iyalai yana wajen jif ne: ƙirga kujeru. Layi na uku a Highlander filin ƙafarsa kusan santimita 70 ne kawai, ƙasan wurin kuma a ɗage yake, sai gwiwar babba ta taso sama, cinyarsa ba ta kwanta a kan kujera ba. Yara za su zauna lafiya. Babba kuwa, daga Kaduna zuwa Zariya ma sai ya ji a jikinsa. A gwada da mutanen da za su hau da gaske: direba ya saita tasa, a tura layi na biyu gaba gwargwadon abin da masu zama a kai za su iya jurewa, sannan a ga abin da ya rage wa na baya. A duba kuma ko iskar esi tana da mafita a can. Idan an ɗaga layi na uku, but yana raguwa zuwa kusan lita 450, kuma yawancin wannan tsayi ne, ba zurfi ba. Duk da haka ya ninka na MX-5 sau uku da ɗoriya, domin nata lita 130 ne, ba ta ma zuwa da safaya taya.

Shiga da fita ma ana mantawa da su. Roadster sai an durƙusa a shige ta, fitowa kuma ƙarfin gwiwa take nema, ga ƙofarta doguwa da ke bukatar fili a gefe kafin ta buɗe. Jif kuma hawa ake yi, abin da ke wahalar da tsohuwa mai ciwon ƙafa ko mace mai zani. A kai su su gwada.

Mai jariri ya cire roadster daga lissafi a matsayin motar gida. Kujerar jariri mai kallon baya ba a ɗaura ta gaban jakar iska mai aiki, kuma roadster ba ta da kujerar baya.

Sai batun gida da unguwa. Faɗin Highlander mita 1.93 ne ba tare da madubin gefe ba, don haka a auna ƙofar gareji da tef, a ƙara faɗin madubai da wurin buɗe ƙofa. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa kusan santimita 20, na MX-5 kuwa bai kai 15 ba. A layin da ruwan damina ya zaizaye, ko inda aka yi tudun rage gudu mai tsini, roadster za ta riƙa dukan ƙasa da cikinta sai an hau a karkace, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya.