Yadda mutumin Damagaram zai koyi hawan dutse mai dusar ƙanƙara

Dutse mai dusar ƙanƙara da ya fi sauƙin zuwa ga mutumin Damagaram shi ne Tubkal, a ƙasar Maroko. Tsayinsa mita 4,167, kuma babu wanda ya kai shi a duk arewacin Afirka. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu fari fat yake. Namu mafi tsayi a Nijar, wanda ke Bagzan cikin duwatsun Ayar, mita 2,022 ne, kuma ba a koyon tafiya kan ƙanƙara a can. Hanyar Tubkal a buɗe take: mota zuwa Yamai, jirgi zuwa Kasabalanka, jirgin ƙasa zuwa Marakesh, sai taksi na wajen awa ɗaya da rabi zuwa ƙauyen Imlil, inda ake fara hawa. Wanda ya yi lakwal ya iya Faransanci ba zai sha wahalar magana da ƴan jagora ba, ga kuma ɗalibanmu da ke karatu a can.

Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da hawan Tubkal a kwana biyu. Ga wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, shawarata kada ya saya. Ya nemi kwana biyar, biyu daga ciki na koyo da sabawa ne zalla. Ga yadda shirin yake tafiya.

Mataki na 1: Gwajin jini kafin tikiti

Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta shawarwarin hawan dutse, shi ya sa na sa shi a gaba. Sikila tana da yawa a ƙasarmu. A ƙololuwar Tubkal, iskar shaƙa da ke shiga huhu a kowane numfashi wajen kashi 60 cikin 100 ne na wadda ake samu a bakin teku, kuma ƙarancinta ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila. Mai nau'in jinin SS ko SC, wato mai ciwon sikila, ba shi da abin yi a can. Mai AS, wanda ƙila ya girma bai taɓa sanin yana ɗauke da ita ba, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tsayi, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Ka je asibiti a yi maka gwajin nau'in jini, ka gaya wa likita a fili cewa za ka hau sama da mita 4,000. A duba hawan jini da zuciya, ka kuma tabbata ba ka tafi da zazzaɓin cizon sauro a jiki ba, don a sama ciwon kansa da na tsayi sai su rikice wa mutum.

Mataki na 2: Gina ƙafa a gida

Wata uku zuwa huɗu sun isa ga mai lafiya. Bayan sallar asuba, ka ɗauki jakar baya mai nauyin kilo 6 zuwa 8, ka yi tafiyar awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako. Ranar hutu ka kai awa huɗu ko biyar. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kaɗai ba ta isa ba, hawa da sauka ake nema. Duwatsun da ke cikin garin Damagaram ta unguwar Birni suna koya wa ƙafa inda za ta taka, benen da ke da matakala da yawa yana gina cinya, tudun rairayi kuwa ya fi su duka, don ƙafa na nutsewa a cikinsa kamar yadda take yi a sabuwar dusar ƙanƙara. Ka ba sauka muhimmanci daidai da hawa. Gwiwa a gangara take gajiya.

Mutane za su tambaya. Inna za ta ce, "Kai kuwa me ka ajiye a kan dutse?" Ka gaya mata gaskiyar inda za ka, da kwanakin da za ka yi, ka nemi albarkarta.

Mataki na 3: Jagora da tsarin kwanaki

Tun bayan kisan wasu ƴan yawon buɗe ido mata biyu kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta hana hawan Tubkal ba tare da jagora ba, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ke duba fasfo a hanya. Ka nemi jagora mai katin hukuma, ka tambaye shi abu uku tun kuna waya: mutum nawa yake ɗauka a lokacin sanyi, shin zai ware yini guda ya koya maka aiki da kayan ƙanƙara, kuma me zai yi idan yanayi ya ɓaci. Wanda ya ce maka ko ta halin ƙaƙa sai kun kai sama, ka nemi wani.

Dalilin kwana biyar lissafi ne. Marakesh, kamar Zandar, ba ta kai mita 500 daga bakin teku ba. Imlil na wajen mita 1,740, masaukin mahaya kuma yana mita 3,207. Mai kwana biyu yana tashi daga Marakesh da safe ya kwana a masaukin, wato ya ɗaga jikinsa sama da mita 2,700 a yini ɗaya. Ciwon tsayi kuwa daga wajen mita 2,500 yake fara kama mutane. Tsarin da ya fi: kwana a Imlil, washegari a hau mashigar Tizi Mzik, kusan mita 2,500, a dawo a sake kwana a ƙasa, rana ta uku a yi tafiyar awa biyar zuwa shida a wuce ɗan ƙauyen Sidi Shamharush zuwa masauki, ta huɗu koyo, ta biyar hawa. In aljihu ya yarda ka ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana saboda iska. Inshorar tafiyarka kuma ka karanta ta da kyau, ka ga ta ambaci hawan dutse sama da mita 4,000.

Mataki na 4: Kaya

Kirampon (ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi), gatarin ƙanƙara da ƴan jagora ke kira piyole, hular kwano da takalmi mai taurin ƙasa duk ana hayarsu a Imlil, ba sai ka saya ba. Takalmin ka gwada shi da safa mai kauri, yatsu su iya motsi a ciki. Sutura kuwa gwanjon kasuwar Dole na iya rufa maka asiri, in ka iya karanta takardar da ke wuyan riga. Ƙa'ida ɗaya ce: auduga ba ta taɓa fata. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta koma sanyi. Ta ciki ta zama ulu ko yadin roba irin na ƴan ƙwallo, ta tsakiya mai laushi mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, sai jibgegiyar rigar sanyi a jaka don lokacin hutu. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri. Tocilar goshi da batir na canji. Baƙin tabarau mai lamba 3 ko 4, don hasken da ke dawowa daga farar ƙasa yana ƙona ido har mutum ya kasa buɗe shi. Man kariya daga rana ma ka shafa, baƙar fata ba ta hana leɓe da hanci ƙonewa a can.

Mataki na 5: Tafiya da kirampon

Kirampon ƙarfe ne mai haƙora 10 ko 12 da ake ɗaure shi a ƙasan takalmi. Ka fara koyon ɗaure shi a cikin ɗaki, sannan ka maimaita da safar hannu, don ranar hawa cikin duhu za ka ɗaura kuma yatsunka ba za su so fita ba. Maɗaurin yana kallon waje, rarar igiyar a cusa ta kada ta yi lilo. Bayan tafiyar minti goma a tsaya a sake ja.

Sannan tafiyar kanta. Ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ka ɗaga kowace sawu sama kaɗan, don haƙorin ƙafar dama yana son kama wandon ƙafar hagu, kuma yawancin faɗuwar sababbi daga nan take. Wando mai faɗin ƙafa ka bar shi a gida. A gangare, hankalinka zai ce ka kafa gefen takalmi kamar yadda kake yi a kan dutse. Kada ka bi shi. Lanƙwasa idon sawu za ka yi har duk haƙoran ƙasa su shiga ƙanƙara tare. Da farko idon sawu zai yi tsami, daga baya ya saba. Inda hawa ya miƙe sosai, a soka haƙora biyu na gaba, dunduniya ta ɗan yi ƙasa. A sauka kuwa ka fuskanci gangara, gwiwa a lanƙwashe, yatsu na kallon ƙasa, nauyinka a kan ƙafa. Tsoro yakan sa mutum ya jingina baya, kuma da ya jingina haƙoran gaba sun bar ƙasa. In rana ta yi, dusar takan dunƙule a ƙarƙashin kirampon ta rufe haƙoran. Ka buga gefen takalmi da ƙotar gatari ta zube.

Mataki na 6: Gatari da tsayar da kai

Kan gatarin baki biyu ne, ɗaya mai tsini, ɗaya mai faɗi, ƙarshen ƙota kuma akwai wani tsinin. Ana riƙe shi ta kai, a hannun da ke ɓangaren tudu, baki mai tsini na kallon baya. Ba a hawa a miƙe, ana yin kwana-kwana ne, kuma a kowace kwana sai ka kafa gatarin sosai, ka juya, sannan ka canja hannu. In ƙafa ta zame, abu na farko shi ne ka danna ƙotar cikin dusa ka riƙe ta gam.

In kuwa ka riga ka fara sulalewa, ga abin da jagora zai sa ka yi ta maimaitawa a wani gangare mai shimfiɗaɗɗen ƙarshe, babu dutse a ƙasa, da hular kwano a ka, kuma ba tare da kirampon ba. Hannu ɗaya a kan gatari daidai kafaɗa, ɗayan a ƙarshen ƙota wajen ƙugu, ƙotar ta gitta ƙirji. Ka mirgina ta ɓangaren da kan gatarin yake har ka koma rubda ciki. Ka danna baki mai tsini cikin dusa da nauyin ƙirjinka, ƙarfin hannu kaɗai ba ya tsayar da mutum. Fuska ta kauce wa baki mai faɗi. Gwiwoyi a buɗe a ƙasa, ƙafafu a ɗage sama, don ranar da kirampon ke ƙafarka, in haƙori ya kama ƙanƙara kana gudu, ko ya wuntsila ka ko ya karya maka idon sawu. Za a gwada ka ta fuska huɗu: a rigingine da rubda ciki, ƙafa a gaba da kai a gaba. Ta ƙarshen, kai a ƙasa kana kallon sama, ba ta da daɗi ko kaɗan, dusa har cikin wuyan riga. Ka yi ta har jiki ya riƙa yi kafin ka yi tunani, don a kan ƙanƙara mai tauri daƙiƙa biyu na farko ne kake da su.

Mataki na 7: Karanta jikinka da dutsen

Ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci da rashin barci su ne alamun ciwon tsayi. Ka faɗa wa jagora, kunya ba ta da wuri a nan. Mai su ba ya ƙara hawa. In aka kai ga tangaɗi, ruɗewar magana, ko haki da tari ana zaune, sauka ce nan take ko da tsakar dare. Akwai maganin asetazolamid da ke taimaka wa jiki sabawa, amma likita ne zai rubuta maka.

Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, kuma a ƙololuwa sanyin kan kai 10 ko 15 ƙasa da sifili kafin a sa iska a lissafi. Yatsan da ya yi fari ya daina jin taɓi, sanyi ya fara cinsa. Kada a murza shi, kada a kai shi bakin wuta. A sa shi a hammata ko a cikin rigar abokin tafiya. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, shayi a falas ya fi gora da za ta daskare, dabino da gujiya a aljihun ciki.

Zaftarewar dusa aikin jagora ne ya auna ta, amma ka san tushenta. Ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan sabuwar dusa ta zuba, ko iska ta tara ta a gefe guda. In ya ce yau ba a hawa, magana ta ƙare.

Salla kuma a shirya mata tun daga gida. Ka tambayi malaminka hukuncin taimama, shafa a kan huffi, ƙasaru da haɗa salloli, kada ka tsaya wanke ƙafa a waje cikin wannan sanyi. A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin watannin sanyi, sai ka duba kalanda kafin ka tsayar da rana.

Mataki na 8: Ranar hawa

Ana fita kafin gari ya waye, lokacin da dusar ke da tauri. Tsakanin masauki da ƙololuwa mita 960 ne na hawa, awa huɗu zuwa biyar ga mai matsakaicin ƙarfi. Ka fita kana ɗan jin sanyi, minti goma za su ɗumama ka. Wanda ya fita da jibgegiyar riga gumi zai jiƙa shi. Tafiya a hankali, yadda za ka iya magana ba haki. Bayan mashigar da ke ƙasa da ƙololuwa akwai wurin da hanya ke gitta gangare mai zurfi, nan ake son duk abin da ka koya jiya, kuma can ba a ciro waya.

Tun a masauki ku yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe goma sha ɗaya, an kai ko ba a kai ba. A sama akwai alamar ƙarfe mai siffar dala. Ka sa rigar sanyi, ka ci wani abu, ka ɗauki hoto, minti goma sha biyar sun isa. Kafin ka juya ka duba maɗaurin kirampon, ka mayar da gatari hannun tudu, don saukar awa biyu zuwa uku ce a kan gajiyayyar ƙafa da dusar da rana ta fara sassautawa, kuma ba a kwance kirampon sai jagora ya ce a kwance.