Ga masu ɗaukar yara aikin feshi a fadama

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda rani ya kama, daga Kura zuwa Kadawa kowa na neman mai feshi, to ga shawara.

In ka ɗauki yaro, kada ka miƙa masa tankin feshi kawai ka juya. Ka ba shi safar hannu ta roba, takalmin ruwa da riga mai dogon hannu. Ya fita da sassafe ko da yamma, iska na bayansa. Kuma don Allah in bakin feshin ya toshe, kada ya busa da baki. Na ga yaro ya yi haka, kafin azahar yana ta amai, ga yawu na zuba, idonsa jajir. A tsokale da tsinke, a ɗauraye.

Kafin ya taɓa goro ko tuwo, ya wanke hannu da sabulu. Kayan aikin ma a wanke su daban.

Maganar ba shi nono ko manja in gubar maganin ta kama shi kuwa, ba sa kashe guba, lokaci kawai ake ɓatawa. A kai shi asibiti tare da robar maganin, likita ya karanta abin da ke rubuce a jikin robar.